Tsohuwar kwamfuta a ɗakin yaro: daga ina ta fito, me ta tsinana?

Abin da za ku karanta a nan jawabin da na yi ne a shirinmu na ilimi. Na ɗan gyara shi don ya zauna a takarda, na kuma cusa abin da agogo bai bar ni na faɗa ba ranar.

Tambaya ce ta jawo shi. Wani dattijo mai kiwo ya bugo mana waya daga wajen Gashiga. Ɗansa yana sakandare a Garwa, yana zaune gidan ɗan'uwa a Jambutu (Jambutu ta Garwa nake nufi, 'yan Jimeta kada ku ce taku ce). Yaron ya matsa lamba a saya masa kwamfuta ta hannu, wai abokansa duk sun wuce shi. An yi ciniki, kuɗin ya kai na maraƙi. Dattijon ya ce, “Yaro, kai da ka yi boko, in sayar da maraƙin ko in bari?” Na ce Baffa a ba ni mako biyu. Wanda zai fitar da dabba daga garke bai cancanci amsar kan tsaye ba, ga shi kuma wannan magana ta ba 'ya'yan talakawa tsohuwar kwamfuta su kai gida tana da tarihi na kusan shekara talatin, an gwada ta a ƙasashe da yawa, an kuma rubuta abin da ya fito.

Bari in fara da tawa. Ina ɗan shekara goma sha uku kawuna, mai fatauci tsakanin Garwa da Jimeta, ya shigo gidanmu da kwamfutar tebur a cikin buhu, da allonta mai ƙaton ƙeya irin na tsohuwar talabijin. Ranar unguwa ta taru. A jikinta akwai wata 'yar takarda manne da rubutun wani harshe da babu wanda ya iya karantawa a cikinmu, alamar ta taɓa zama a ofishin wasu a Turai. Wata huɗu muka yi da ita. Na koyi buga rubutu da yatsa biyu, na koyi wasan karta, kartar ma ta fi yawa in za a faɗi gaskiya. Wani dare aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita sai ta zo da ƙarfi, muka ji “fas”, sai ƙauri. Mai gyaran da aka kai wa ya ce abin da ya ƙone sai an aiko daga Legas. Ba a aiko ba. Ta koma teburin da mahaifiyata ke ɗora kwanuka. Amma buga rubutun nan da na koya, da shi na fara samun ɗan aiki a shagon buga takardu, da kuɗin na biya rabin kuɗin makarantar aikin jarida. To ku lissafa da kanku, riba ce ko asara.

Daga ina irin waɗannan ke fitowa? Manyan ofisoshi da bankuna da makarantu na Turai da Amurka ba sa jiran kwamfuta ta mutu. Shekara uku zuwa biyar sukan sauya, lafiyarta ƙalau. Tun ƙarshen shekarun 1990 wasu suka ga cewa wannan abin da ake zubarwa zai yi amfani a wani wuri. A Landan aka kafa Computer Aid International a wancan lokacin, a Beljiyam kuma aka kafa Close the Gap a 2003. Aikinsu iri ɗaya ne: su karɓo daga kamfanoni, su goge duk bayanan da ke ciki, su gwada kowane sashe, su sauya abin da ya gaji, su ɗora sabuwar manhaja, sannan su aika wa makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi a kan kuɗi kaɗan. Wannan ita ce gyararriya. Ku riƙe kalmar, don akwai bambanci tsakaninta da gwanjo. Gyararriya an buɗe cikinta, wani ya sa hannu ya ce ta yi. Gwanjo kuwa yadda aka kwaso ta haka aka zube maka, sa'arka ce.

Kuma gwanjon ta fi yawa nesa ba kusa ba, domin hanyar kasuwa ta fi ta sadaka faɗi. A nan ne tarihin ya yi muni. Manyanmu na tsallake za su tuna 1988, lokacin da aka gano dubban duro-duro na guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, a jihar Bendel ta wancan zamani, Delta ta yanzu. Wannan abin kunya yana cikin abubuwan da suka zaburar da duniya aka sa hannu a yarjejeniyar Basel a 1989, wadda ta taƙaita kai shara mai guba daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta isa ba, suka yi tasu a Bamako a 1991, suka hana shigo da irin wannan shara nahiyar. Sai dai mai son zubar da shara ya sami ƙofa: in ka rubuta a takardar kwastan cewa kayan hannu ne masu aiki, ko ka ce kyauta ce ga makarantu, kwantena ta wuce. A 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta je Legas ta bi sawun kayan har kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Rahotonta ya ce kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka kowane wata, 'yan kasuwar da ta zanta da su kuma suka ƙiyasta cewa wanda ba ya gyaruwa yakan kai kashi 75 cikin 100. Sauran labarin kun san shi: a jibge a bola, a cinna wuta don a ciri jan ƙarfen da ke cikin waya, yara na shaƙar hayaƙi, dalma na shiga ƙasa.

Bayan shekara goma aka sake aunawa, wannan karon da mutane zaune a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016, ƙarƙashin Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka ce kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Najeriya a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki, mafi yawansa kuma ba a kwantena yake zuwa ba, a cikin motocin hannu ake cusa shi. Alhazai masu sayo mota, wannan ba labari ba ne a wajenku, kun sha buɗe but ku tarar da shi cike. Daga wannan kogin ne ɗan rafi ke biyowa ta Kano da Yola da Mubi, wani kuma ta Duwala da Ngaundere, har ya iso teburin mai shago a Garwa. Kwamfutar da ɗan Baffa ya gani, ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ta zo.

Ganin wannan ɓarna ya sa wasu suka ce a bar tsofaffi, a ƙera wa yaran talakawa sabuwa tasu mai araha. Wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin “kowane yaro da kwamfutarsa” a 2005, ya ce dala 100 za ta tsaya. A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a wani babban taro a Tunis, tare da Kofi Annan, shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. 'Yar kore ce, da hannun murzawa a gefe don a yi mata caji inda babu lantarki. Hannun ya ɓalle a wajen nunin, daga baya ma aka cire shi daga jikinta gaba ɗaya. Da aka fara ƙera ta da yawa a 2007, kuɗinta ya kusa ninka abin da aka yi alkawari. Najeriya tana cikin na farko da suka nuna sha'awa a zamanin Obasanjo, har ana maganar miliyan ɗaya. Aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja a 2007, yara suna tafiya da ita gida. Abubuwa biyu suka fito daga Galadima da ya kamata uba ya sani. Na farko, yaran sun koyi kwance ta da ɗaura ta da hannunsu, har suka buɗe ɗan wurin gyara a makarantar. Na biyu, cikin 'yan watanni jaridu suka ɗauki labarin cewa wasu yaran sun shiga shafukan batsa ta intanet, sai da aka sa mata shinge. Gwamnati ta sauya, sabon ministan ilimi ya tambaya meye amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da kujerar zama a aji, maganar miliyan ɗaya ta bi ruwa.

A nan Kamaru ta ƙofar makaranta abin ya shigo. A ƙarshen 2001 Shugaba Paul Biya ya buɗe ɗakunan kwamfuta na farko a manyan makarantun sakandare biyu na Yawunde, Leclerc da ta Essos, daga nan darasin kwamfuta ya shiga jadawali a hankali, ya zama abin da ake jarrabawa a kai. Wanda ya yi sakandare a arewa ya san yadda darasin yake a wurare da yawa: malam ya zana linzamin kwamfuta a allo da alli, ku kwafa, ku haddace sunayen sassa, ku ci jarrabawa, ba ku taɓa ta ba. An kuma gwada 'yan korayen Negroponte a wasu zaɓaɓɓun makarantun firamare da kuɗin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci. Amma babbar kyauta ita ce ta 2016, lokacin da aka sanar cewa za a raba wa ɗaliban jami'a kwamfutar tafi-da-gidanka 500,000, waɗanda ake kira PB Hev. Bashi ne na sefa biliyan 75 daga bankin Exim na ƙasar Sin, wanda ya haɗa da gina cibiyoyin kwamfuta a jami'o'i. Guda 80,000 na farko sun sauka a Disamba 2017, aka yi ta rabo har Ngaundere da Marwa. An yi ta ce-ce-ku-ce kan ƙanƙantar rumbun ajiyarta, giga 32 kacal, ba a jima ba kuma aka fara ganin ta a kasuwa ana sayarwa. Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne wa aka ba. Wanda ya kai jami'a ya riga ya haye rafi. Ɗan makiyayi da 'yar mai tallan goro, a firamare da farkon sakandare suke zubewa, can inda rabon bai leƙa ba.

Yanzu ga gundarin tambayar Baffa: in yaro ya kai kwamfuta gida, karatunsa yana ƙaruwa? An auna wannan, aunawa ta gaske, irin wadda ake raba yara gida biyu a ba wasu a hana wasu, a dawo bayan lokaci a duba. A jihar Kaliforniya ta Amurka, masana biyu, Robert Fairlie da Jonathan Robinson, sun ɗauki ɗalibai 1,123 a makarantu 15, duk waɗanda ba su da kwamfuta a gida. Aka yi ƙuri'a, rabi suka sami gyararriya kyauta, rabi suka jira ƙarshen shekara. Sakamakon da suka buga a 2013: makin yaran bai hau ba, bai sauka ba, zuwa makaranta ma bai sauya ba. Can fa wuta ba ta ɗaukewa. A Romaniya gwamnati ta riƙa ba iyalai matalauta takardar yuro 200 su sayi kwamfuta. Binciken da ya fito a 2011 ya nuna yaran da suka samu sun fi iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na lissafi da Ingilishi da harshen ƙasarsu ya yi ƙasa, domin wasanni sun cinye lokacin aikin gida. Sai dai a gidajen da iyaye suka kafa dokar yin aikin makaranta, faɗuwar ba ta yi tsanani ba. A Peru kuma, inda gwamnati ta sayi 'yan koraye dubbai ɗaruruwa, an bi makarantun karkara 319, rahoton 2012 ya ce bayan wata goma sha biyar babu ƙari a lissafi ko karatu, sai ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani.

Ƙasashe uku, nahiyoyi daban-daban, magana ɗaya. Wanda ya ce muku kwamfuta kaɗai za ta mai da na ashirin a aji ya zama na ɗaya, dillali ne, la'adarsa yake nema. Abin da take koyarwa tabbas shi ne ita kanta: buga rubutu, tsara takarda, lissafin kaya a jadawali, neman abu a intanet. Ni ban raina wannan ba, da shi na ci abinci. Yau rajistar jarrabawa, neman gurbin jami'a, takardun fiton kaya, aika kuɗi, duk sun koma ta na'ura. Kuma mun ga ranar da rashinta ya yi ciwo. Da aka rufe makarantun Kamaru ranar 18 ga Maris 2020 saboda korona, darussa suka koma talabijin da rediyo da intanet. 'Yan ajin jarrabawa sai 1 ga Yuni suka koma aji. A wannan tsakani yaron da ke da na'ura da wuta a gida ya ci gaba da wani abu, wanda ba shi da su ya bi shanu ko ya zauna shago, aka kuma ba su takardar jarrabawa iri ɗaya.

Na ce “da wuta”, kuma a nan ne namu ya bambanta da na Kaliforniya. Kusan duk lantarkin jihohin arewa uku ya daɗe yana rataye a wuya ɗaya, madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, mai ƙarfin megawat 72. An gina ta lokacin da Garwa da Marwa da Ngaundere ba su kai rabin yadda suke yanzu ba. In damina ta yi gardama ruwa ya ja baya, injinan ba sa ba da abin da aka gina su su bayar, kamar yadda muka sha a 2021, unguwa ta wuni ta kwana a duhu. 'Yan Yola kun san Lagdo ta ɗaya fuskar, ranar da aka buɗe ƙofofi, irin na 2012 da 2022. Tashar injinan mai da ke nan Jambutu tana tallafawa, an kuma ƙaddamar da gonakin sola a Gidar da Marwa a 2023, kowace megawat 15, abin ya ɗan yi sauƙi. Duk da haka wuta tana tafiya tana dawowa, kuma dawowar ce ke kashe kaya, kamar yadda ta kashe tawa. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta mai ƙeya takan ja wuta ninki uku ko huɗu na ta tafi-da-gidanka, ba ta da batir, da an ɗauke ta mutu da abin da yaro ke rubutawa. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Na'urar da ta yi shekara biyar a ofis mai sanyi a Turai, ita ma baƙuwa ce a nan, kamar saniyar Turawa da aka kawo daji.

Tunda na ambaci saniya, bari in ari abinku in yi misali, ku yi mini afuwa in na kuskure, kun fi ni sani. Fulani suna da haɓɓanaye. Wanda annoba ko fari ya share wa garke, ɗan'uwa yakan ɗaura masa karsana. Ya kiwata, ya sha nono, ta haihu, wani wuri sau biyu wani wuri sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma gida. Abin lura, mai karsana ba ya juya baya ya tafi. Yana leƙowa, yana tambayar lafiyarta, ba ya kuma ɗaura wa wanda ba shi da wurin kiwo ko bai san hannun dabba ba. Yawancin shirye-shiryen da na lissafa muku sun yi akasin haka: a tara jama'a, a ɗauki hoto, a miƙa kwali, motoci su tashi. Babu mai dawowa bayan wata shida ya ga ko caja ta ƙone. Bambancin da ya ƙara tsananta abin, karsana tana haihuwa, kwamfuta kuwa tun ranar da aka ba ka tsufa take yi.

Akwai na'urar da ta zauna a ruga, kuma kuna riƙe da ita yanzu haka ko tana rataye a kafaɗa. Da Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, mai hedikwata a Kaduna, cikin abin da ta dogara da shi har da shirin rediyo, “Don Makiyaya a Ruga”. Rediyo ta zauna ne don batirinta yana kowace kasuwar ƙauye, mai gyaranta yana gindin bishiya, kuma da harshenku take magana. Ba don ina cin abinci a gidan rediyo na faɗa ba, ko da yake kuna iya zargina. Wayar hannu ma ta bi wannan sawun: sai da masu caji da masu gyara suka cika tasha sannan ta zama ta kowa. Ba wanda ya raba ta kyauta.

Inda aikin gyararriya ya yi ƙarko, za ka tarar an bi wannan hanya. A Yawunde akwai ƙungiyar Solidarité Technologique, tana tattara tsofaffin kayan lantarki a cikin ƙasa, tana gyara masu gyaruwa ta sayar da araha, tana kwance matattun ba tare da ƙonawa ba, tana kuma koya wa matasa sana'ar. Kun ga a nan kwamfutar da mai gyaranta gari ɗaya suke. A Faransa wasu 'yan sa-kai sun haɗa manhaja ta kyauta mai suna Emmabuntüs, daga dangin Linux, musamman don tsofaffin na'urori marasa ƙarfi, an kuma yi amfani da ita wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo, yankin da zafinsa da ƙurarsa ba su da nisa da namu. Akwai kuma Kiwix, wadda ke ba ka damar ɗora kundin Wikipedia a cikin na'ura ka karanta ba tare da intanet ba, na Faransanci da na Ingilishi, har da na Hausa. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kwamfutar da aka miƙa wa yaro babu littafi ko ɗaya a cikinta, babu tsofaffin tambayoyin jarrabawa, cikin mako guda abokai za su cika masa ita da fina-finai da wasan ƙwallo. Cikin da babu komai, duk abin da ya samu yake ci.

'Yan kasuwa, ga wata da ta shafe ku kai tsaye. Kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ke aiki lafiya ba su cika sharaɗin ɗaukar Windows 11 ba. An ga irin haka da aka yi watsi da Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020: ofisoshin can su sauya, kayan su biyo jirgi. Ke nan kaya za su yi yawa, farashi zai yi sauƙi, masu kyau da matattu a buhu ɗaya. Wanda ya sayo a kilo ya zube a tebur zai ci riba sau ɗaya. Wanda ya ɗauki yaro mai gyara ya zaunar a shago, ya gwada kowace kafin ya sayar, ya ce in ta lalace cikin wata uku a dawo da ita, shi iyaye za su riƙa nuna wa juna. Matattun kuma don Allah kada a ƙona su a bayan gida inda awaki ke kiwo, allon nan mai ƙeya akwai dalma a gilashinsa.

Da mako biyun suka cika na kira Baffa. Na ce masa ba a sayen saniya da dare, ita ma haka. A je da mai gyara wanda ba yaron mai shagon ba ne. A ɗauki ta tafi-da-gidanka, a bar ta tebur. A cire caja a ga ko batir zai riƙe awa biyu, a danna kowane harafi, a saurari fanka, a taɓa gindinta bayan rabin awa a ji zafi. A ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun kafin a biya, in babu shi a fasa. A je wajen malamin yaron a tambaye shi abin da za a ɗora a ciki, a ɗora kafin ta shiga gida. Ta zauna a falo inda mai gida ke wucewa, ba ƙarƙashin bargo ba, aikin makaranta kafin komai. Na kuma tambaye shi ko akwai 'ya mace a gidan da ke makaranta. Ya ce akwai biyu, 'ya'yan ɗan'uwan nasa. Na ce to a yanka musu nasu lokacin da baki tun ranar farko, don na ga yadda aka yi a gidanmu: wata huɗun nan da na ba ku labari, ƙanwata ba ta taɓa madannan ba sai ranar da aka sa ta goge ƙura.

Ya yi shiru, ina jin kukan shanu a bayansa. Ya tambaye ni makin yaron zai hau? Na ce ban yi masa wannan alkawari ba, waɗanda suka auna ma ba su gani ba, amma zai fita sakandare da sana'a a yatsunsa in an tsare sharuɗɗan. Ya ce to maraƙi dai ba zai fita yanzu ba, kasuwa ta faɗi, dabbobi sun rame. Zai sayar da tumaki biyu bayan girbi, ɗan'uwan nasa ya cika sauran tunda 'ya'yansa ma za su taɓa, kuma shi da kansa zai shigo Garwa ranar cinikin, yana so ya ga yadda ake duba haƙoran abin.